Ƙasar Sokode a Gindin Mangwaron Jannat

Ranar da cibiyar Jannat ta faɗi, mahaifinta Mahama, mahauci a Dapaong, ya binne cibiyar a bayan ɗaki ya dasa mangwaro a kai, yadda ake yi a gidansu. Yarinyar ba ta kai shiga makaranta ba zazzaɓi ya ɗauke ta. Mangwaron ne ya rage. Daada, uwarta, kullum da safe sai ta ba shi ruwa kafin ta ɗora tukunya, har hira take yi da shi.

To, ƙasar gidan kuwa sai a hankali, tsakuwa ce zalla! Itacen yana girma dai, amma a rame, abin yana ci wa Mahama rai. Da ya je Sokode gaida dangi, sai ya leƙa tsohuwar gonar itacen katako na tek ta mahaifinsa, inda itatuwa suka mutu suka bar kututture. A gindin wani ya tarar da ƙasa baƙa wuluk, mai laushi, da wasu fararen zaruruwa a cikinta. Ya ce kai, wannan ai taki ne daga Allah. Ya cika buhu, ya ɗora a motar shanu, ya kawo wa 'yarsa ƙasar gonar kakanta.

Damina ta zo ta wuce, ganye ya soma yin rawaya daga sama. Reshe ya bushe, wani ya bi shi. Mahama ya kira maƙwabcinsa Garuba, mai aikin gandun daji. Garuba ya ɓare ɓawon gindin da wuƙa, sai ga wani farin abu shimfiɗe a ciki kamar auduga.

Ya girgiza kai ya ce, "Ruɓar saiwa ce, Mahama. In ta kai nan, ba ta da magani. A ruɓaɓɓen kututture take zama. Ina ka samo wannan ƙasar?"

Wayyo Mahama! Da hannunsa ya ɗebo, a kansa ya ɗauko, yana ta murna a hanya. Ya ji kamar yau aka fita da gawar yarinyar.

Daada tana kasuwa lokacin, ba ta ji ba. Washegari ya same ta durƙushe a gindin mangwaron da buta, tana tsince busassun ganye tana tarawa a zaninta. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Baban Jannat, yunwa yake ji. In za ka Sokode, don Allah ka ƙaro mana ƙasar nan."

Mahama ya buɗe baki zai faɗa mata, sai idonsa ya faɗa kan ganyen da ke zaninta.

Ya ce, "To."