Gashin Auta

Shekara goma sha biyu mai shagon tana gyaran gashi, ba ta taɓa ƙona kan kowa ba sai na ƙanwarta Auta.

Shekara huɗu Auta tana tattalin gashinta har ya sauko kafaɗa. Ranar ta zo daga makaranta ta ce a shafa mata man da ke miƙar da gashi. An rubuta a jikin roba: minti goma sha biyar, a bar kai a buɗe. To, shago ya cika, mata uku a kan benci suna ta duba agogo. Mai shagon ta shafa man, ta ɗaura mata leda, ta tura ta ƙarƙashin diraya, injin busar da gashi.

"Yaya, kada ki kunna," in ji Auta. "Malaminmu ya ce in zafi ya ƙaru da digiri goma, sinadari kan kusan ninka saurinsa."

"Ai saurin nake nema. Tun kina zanen goyo nake wannan aikin, yau kuma ke za ki koya mini?"

Matan benci suka kwashe da dariya, yayar ta kunna dirayar. Niyyar mai shagon minti biyar ne, amma hira ta yi daɗi, sai da aka ci goma sha uku. Auta tana jin raɗaɗi ta cije, don ba ta son a sake yi mata dariya.

Da aka zuba ruwa, gashin ya biyo hannu kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Tsakiyar kan ya yi jajir. Sauri dai ya haifi nawa.

Kunya da baƙin ciki suka hana mai shagon cin abinci. Da yamma ta je gidan mahaifiyarsu da niyyar faɗin gaskiya, ta tarar da tsohuwar tana shafa wa Auta magani tana faɗa.

"Wace marar imani ce ta yi miki haka?"

"Ni na shafa da kaina, Mama. Ban karanta robar ba."

"Ga yayarki gwana a gari, kika ƙi zuwa wurinta?" Tsohuwar ta juyo ta miƙa wa mai shagon kwalbar maganin. "Karɓi ki shafa mata, hannunki ya fi nawa sanin kai."

Mai shagon ta karɓa. Auta ta sunkuyar mata da kai.