Saɓar Bayan Baffa Neville

Tun da Kerrod ya bar makaranta ya fara bin baffansa Neville aikin rufin kwano a Townsville, babu abin da ya tsana kamar hutun shan shayi. A can Disamba bazara ce, rana takan mai da kwano kasko, amma Neville ba ya sa riga, ba ya shafa man kariyar rana. Wai wannan sai 'yan ofis. Kullum bayansa ja wur, yana saɓa kamar maciji.

Yau ma da suka sauko inuwar mota sai ya juya baya.

"Zo ka ɓare min, ɗan nan. Jiya Wade ya ciro mai faɗin tafin hannu, mu ga taka bajintar."

Wade, abokin aikinsu, ya tuntsire da dariya da burodi cike da baki. "Bi a hankali, sarkin ƙyama, kar ta yage!"

Kerrod ya kama bakin fatar da farce. Ta taso jiƙe da gumi tana manne masa a yatsu, ƙudaje na bi. Can ƙasan kafaɗa sai ya ga wani baƙin tabo, gefensa a tsattsage, yana tsatsar da ruwa. Ya san irinsa. Irinsa aka yanke a wuyan mahaifinsa, likita ya ce ciwon daji ne, an makara.

"Baffa, akwai abu a nan."

"Ƙuda ne, kore shi."

Kerrod ya ɗauki hoton wurin da waya, ya miƙa masa. Neville ya kalla a kaikaice, ya ci gaba da tauna.

"Tsatsar kwano ce. In mun gama rufin nan na je a duba."

"Haka Baba ma ya ce," in ji Kerrod.

Wade ya daina dariya. Neville kuwa ya ɗaga kafaɗa, ya sa hannu ya sosa tabon, ya goge farcen a wando.

Kerrod ya tofar da yawu. Ya tura hoton ga Raelene, matar baffan, wadda ta yi jinyar mahaifin Kerrod har ya rasu.

Kafin shayi ya huce wayar Neville ta ɗau ƙara. Ya duba sunan, ya harari Kerrod.

"Munafuki!"

Daga inda yake zaune Kerrod na jin muryar Raelene tana tashi. Neville ya ce "to" ya fi a ƙirga, ya lalubo wata yamutsattsiyar riga a bayan kujera, ya wurgo wa Kerrod makullin mota.

"Ja mu asibitin, tun da kai ka tono."