Katakon da Ke Gaban Taya

Babu abin da ke gina matuƙin jirgin sama kamar a bar shi shi kaɗai da injinsa. Haka Darakta yake gaya wa kowane sabon ɗalibi, har ya sa aka rubuta da fenti a bangon ofis. A makarantarsa ɗalibi ne zai fita ya duba jirgi, ya shiga ya tayar, sai inji ya yi zafi malami zai taso. Tsarin yana koyar da dogaro da kai. Yana kuma ba malamai sukunin shan shayi.

Kyaftin, babba a cikin malaman, bai taɓa ganin aibun tsarin ba. Shi ne ma ya lallashi surukarsa ta ba shi Auta, ƙanen matarsa, ya koya masa tuƙi. "Mama, a hannuna yake," ya ce mata. "Ƙafata ƙafarsa."

Ran nan da safe Auta ya leƙo ofis.

"Yaya, ba za ka zo ka tsaya a kaina ba? Batirin jirgin nan sai an roƙe shi."

"Ku ji ɗan lelen Mama," Kyaftin ya ce wa sauran malamai. "Gobe in ka hau sama ita za ka kira ta sauko da kai? Je ka, ina zuwa."

Aka yi dariya. Auta ma ya yi, irin wadda ake yi don a samu hanyar fita.

Ta taga Kyaftin yake kallonsa, kofi a hannu. Auta ya leƙo da kai daga cikin jirgin ya yi ihu, "A matsa!" yadda aka koya masa, ko da yake babu kowa a wurin. Inji ya yi tari sau biyu, da ƙyar ya kama. Sai a lokacin Kyaftin ya hango katakon da ake tokare tayar gaba, yana nan daram, dab da bayan farfela. Auta ya manta bai cire ba.

Abin da ake yi shi ne a kashe inji kafin a sauko a cire katakon. Amma in ya kashe, batirin ba lallai ya sake tayarwa ba, dole ya dawo ofis inda dariya ke jiransa. Kyaftin ya gane wannan lissafin tun kafin ƙofar jirgin ta buɗe, Auta ya sauko ya nufi katakon, inji na aiki. Farfela kuwa in tana juyawa ba a ganinta.

Kyaftin ya fita da gudu yana kiran sunan Auta. Ƙarar inji ta haɗiye kiran.

Likitoci sun ceci ran Auta, hannun dama kuma suka bar masa zuwa gwiwar hannu. Da masu bincike suka zo, Darakta ya bayyana musu cewa makaranta ba ta taɓa hana malami tsayawa kusa da ɗalibinsa ba. Bangon ofis ma an riga an yi masa sabon fenti. Aka dakatar da Kyaftin, aka kafa doka mai kyau ƙwarai cewa malami ya riƙa tsayawa a kan ɗalibinsa.

Yanzu Auta a gidan Kyaftin yake. Matar Kyaftin ba ta taɓa tayar wa mijinta da maganar ba, Mama kuwa ta daina amsa wayarsa. Kullum da safe Kyaftin yana tarar da Auta a bakin gado, ya danne igiyar takalmi da ƙafa ɗaya yana ja da hagu. Sai ya durƙusa zai kama masa.

"Bari, Yaya," Auta yake cewa, ba tare da ya ɗago ba. "Shayinka zai huce. Zan iya."