Rodin Saman Gida

Rodi goma sha biyu ne suka yi cirko-cirko a gefen arewa na saman gidan Doña Eufemia, duk sun yi tsatsa. Marigayi mijinta ne ya bar su, kamar yadda kowane uba a garinsu Arequipa, can kudancin duniya, yake yi, don ranar da ɗa zai ɗora benensa ya zauna kusa da iyaye. Shekara ashirin tana ɗaura musu igiyar shanya, tana jiran ɗanta Wilber.

Ga Wilber ɗin ya dawo daga Madrid, hutun mako biyu kacal, da baƙin gilashi da ƙamshin turare kamar gawa. Ba magini ya kawo ba, mai haɗa sola ya kawo, wani dattijo Zenón.

Zenón ya gama awo ya ce, "Nan wajen rodin za mu kafa farantan solar, su kalli arewa. Sai dai a yanke ƙarafan."

"A yanke mana, tarkace ne," in ji Wilber. Sai kuma ya yi turus. "Wace arewa? Kudu sola take kallo, dattijo. Duk Turai haka ake yi."

Eufemia ta dubi ɗan nata sama da ƙasa. Ko kajin gidan nan sun san ta arewa rana take ratsawa a ƙasarsu. Ita da take shanya masara a nan tun yana tsumma ba ta buƙatar takarda. Wai wannan ne mai ilimin gidan: ya haye teku, ya dawo bai san inda ranar garinsu take bi ba.

Zenón ya buɗe baki. "Ranka ya daɗe, ai can daban, nan..."

"Kai Zenón," ta katse shi, "ka taɓa shiga jirgi?"

"A'a, Doña."

"To rufe mana baki. Yaro ya ga duniya."

Wilber ya gyara gilashi. "Ka ji ko? Mama ma ta fi ka ganewa."

Aka kafa farantan a can gefen kudu, sun juya wa rana ƙeya, rodin kuwa ba a taɓa ko ɗaya ba. Wutar da suke bayarwa da ƙyar take riƙe firji.

Ranar da Wilber ya koma Madrid, Eufemia ta hau sama da kwandon wanki. Ta ja igiyar ta ƙara ɗaure ta tamau a jikin rodin, sannan ta fara shanya.