Ƙwallon da Muka Shafa wa Jan Fenti

Duk wanda ya ce jan fenti yana fita daga rigar ulu, ku turo min shi. Ni Gunvor, shekara tara ina wanke rigunan ƙungiyar ƙwallon ma'aikata ta garinmu, na san abin da nake faɗa.

A lokacin ƙungiya biyu ce a garin. Akwai tamu ta leburorin masana'antar takarda, akwai ta su manaja da akawunansa. Dokarmu ba wasa: ka buga da su, ko ka taka filinsu, an kore ka. Ranar da aka raba gari, mijina Sverre ya biyo ma'aikata, yayansa Ottar ya zauna ɓangaren su manaja don shi ke kula da filinsu. Ottar ne ya koya wa Sverre tsaron gida tun yana ɗan mitsitsi, amma shekara takwas ke nan ko sannu ba ta haɗa su ba. Su haɗu a ƙofar masana'anta, wannan ya duba takalminsa, wancan ya duba sama. Abin yana ci min rai, don na san kowannensu kewar ɗan'uwansa yake yi, taurin kai ne kawai irin na gidansu.

A damina ta 1932 takarda ta zo daga Oslo, babban birninmu: ƙungiyar ma'aikatan Finland tana zagaye, za ta buga da mu ranar Lahadi. Baƙin wata ƙasa, a filinmu mai duwatsu! Sverre shekararsa talatin da takwas, gwiwarsa ta soma ƙara, ya san wannan ne na farko kuma na ƙarshe. Sati guda yana shafa wa takalminsa mai, ni ko kallo ban samu ba.

Ranar Asabar da yamma, wani mai ƙafa kamar gatari ya ɗirka wa ƙwallonmu ɗaya tilo duka, ta faɗa kan ƙusar shinge. Fus! Baƙin kuma, don zumunci, sun bar tasu kyauta a garin da suka baro. Ƙwallon da ta rage a garin nan kaf tana cikin akwatin Ottar.

Da safiyar Lahadi kwamiti ya zauna. Ciyaman ɗinmu Trygve, wanda ko tagar ɗaki ba ya buɗewa sai an kaɗa ƙuri'a, ya yi jawabin awa guda. Aka ɗaga hannu: ba za a roƙi masu kuɗi ba. Sverre ya dawo gida ya zauna yana ninke safar hannunsa yana warwarewa.

Na ce, "To, da me za ku buga? Da kan Trygve?"

Ya ce, "Doka ce, Gunvor."

Na ɗauki kwandon wanki na fita. Ni ba mamba ba ce, wanki kawai nake yi, ba dokar da ta hau kaina.

Na tarar da Ottar yana zuba farin layi a filinsu. Ya dube ni, ya dubi kwandon.

"Shi ya aiko ki?"

"A'a, Yaya Ottar."

"Madalla. Da shi ne da ban bayar ba." Ya ɗauko ƙwallon ya cusa ƙarƙashin tsummokarana. Har na juya, ya ce, "Ki ce masa ya daina jingina dama. Hagunsa a buɗe yake tun bara."

Na ce, "Kai da ba ka zuwa filinmu, ina ka gani?"

Ya ci gaba da zuba layinsa, kunnuwansa sun yi ja.

Matsalar ita ce sunan ƙungiyar su manaja na nan ɓaro-ɓaro a jikin ƙwallon. Kwamiti ya sake zama, baƙi na can suna shan kofi suna duba agogo. Can Trygve ya miƙe.

"Kwamared, wa ya ɗinka ƙwallon nan? Manaja?"

Aka ce, "Baduku!"

"To ƴar ma'aikata ce, tsare ta aka yi. Yau mun ƙwato ta."

Aka yi tafi, aka kaɗa ƙuri'a a rufe sunan. Fentin da ke kusa shi ne jan da ake shafa wa kwalekwale, wanda ke kwana uku bai bushe ba. Na buɗe baki zan yi magana, Trygve ya ce wanda ba mamba ba ba shi da bakin magana. To shi ke nan.

Aka yi musayar jajayen tutoci, aka rera waƙar ma'aikata, kowa da harshensa, aka busa usur. Baƙin namu fararen riguna suka sa, Allah sarki. Minti biyar, wani dogon ɗan gabansu mai suna Veikko ya sa kai, ya sauko goshi jawur. Alƙalin wasa ya tsayar da wasa yana ihun a kawo likita. Matar da ta sauke shi a gidanta ta fashe da kuka, wai yaron mutane ya zo ya mutu a hannunta. Veikko ya shafa, ya shinshina, ya kwashe da dariya. Kafin hutun rabin lokaci kowa ya zama kamar mahauci. Da sunan ya soma leƙowa ta ƙarƙashin fentin, Trygve ya ɓuya bayan rumfar kofi ya ƙara shafa wani. Ni kuwa ina tsaye ina ƙirga rigunan da za su dawo kaina.

Biyu da biyu ake, saura kiris a tashi, aka ba su fenariti. Veikko ya ajiye ƙwallo. Fili ya yi tsit. Na ga Sverre ya soma jingina dama. Sai wata murya ta fasa daga bayan shingen katakon da ke bayan raga:

"Hagu, Sverre! Hagu, sakarai!"

Sverre bai ko yi tunani ba, ya zube hagu kamar yadda ya saba tun yana yaro in ya ji muryar nan. Ya naushi ƙwallon, ta haye raga, ta haye shinge. Ba mu ji ta faɗi ƙasa ba. Tsohon gola ba ya barin ƙwallo ta wuce shi.

Ottar ya taso a kan akwatin da yake tsaye, ƙwallo rungume a ƙirji, farar rigarsa ta zuwa coci da jan tambari ƙato. A gaban mutum ɗari shida! Gefensa ga ramin katakon da ya saba leƙe ta ciki, har ya yi santsi don yawan gogawa.

Trygve ya ɗaga hannu. "Kwamared, wannan sai kwamiti ya..."

Sverre bai saurare shi ba. Ya taka har gindin shingen yana ɗingishi, ya ɗaga kai.

"Yaya, miƙo ƙwallon."

Ottar ya ce, "Shekara takwas, har yanzu tsayuwa ta gagare ka."

"Ai ba mai gyara min."

Wallahi sai da na goge ido da gefen rigar aikina, ashe fenti ya taɓa ta, na shafa wa kaina ni ma. Trygve ya dubi rigar Ottar, ya dubi jama'a, ya sauke hannu a hankali, ya ce tunda mutumin ya riga ya sa launinmu, a bar maganar sai zama na gaba. Ba a taɓa yin zaman ba.

Aka tashi biyu da biyu. Riga goma sha ɗaya na kwana huɗu ina dirza, har fatar yatsuna ta saɓule, ba wadda ta fita. Baƙin ma da tasu suka wuce gari na gaba a haka.

Ranar Litinin Ottar ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, riga a naɗe a hammata, wai ya ji ni ce gwanar wanki. Na karɓa, na ce ya zauna ga dankali da kifi a kan wuta. Ya ci, suka yi gardamar fenaritin nan har abincin ya huce. Lahadi ya dawo tambayar riga, na ce ba ta fita ba tukuna. Ta sama ma haka. Shekara goma sha tara yana zuwa duk Lahadi, ya tambayi rigarsa, ya ja kujera kusa da ƙanensa.

Rigar tana nan a ƙasan akwatina. Ko sau ɗaya ban taɓa sa ta a ruwa ba.