Huji Uku a Gindin Duro

Wakilin kamfanin da ke kawo mana sinadari ya ba mu mako guda mu yanke shawara. Ko dai mu ci gaba da karɓa a shuɗin duro na roba kamar yadda muka saba tun Baba na raye, ko mu koma farin tankin nan mai kejin ƙarfe, wanda ɗaya ke cin duro biyar. Shi tankin ba namu ba ne. In ya ƙare su zo su ɗauke abinsu, su sake cikowa.

Maganin wanke banɗaki muke haɗawa, ni da Yaya, a rumfar da Baba ya bar mana. Yaya tanki yake so. Ya ce yana da famfo a ƙasa, ba sai an karkata ana tsiyaya yana fallatsar mutane ba, kuma ana iya ɗora ɗaya kan ɗaya. Na ce ƙofar sito ba za ta ci shi ba sai an fasa bango. Ya ce a fasa mana. Na ce sai an sayi keken ɗaga kaya. Ya ce a saya. Haka muka yi ta yi kwana uku, ni ina kawo dalili yana turewa, har ya gaji ya ce in daina kewaye-kewaye, kowa ya san saboda Kawu nake yi.

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi.

Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne, kuma duk aikinsa a duniya duro ne. Shi ke sauke shi daga mota, ya karkata shi kan baki, ya gara shi da hannu ɗaya kamar yana jan akuya. In ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa zai gaya maka saura nawa a ciki. In duro ya ƙare kuma, sai ya ɗauraye shi, ya kifa shi a bayan rumfa, ya ɗauko rodinsa mai tsini da guduma ya yi masa huji uku a gindi kafin masu kwasar shara su tafi da shi. Baba ne ya kafa wannan doka. Sinadarin yana shiga jikin roba, ko ka wanke sau ɗari bai fita, saboda haka duronmu ba zai taɓa zama na ruwan sha a gidan kowa ba. Mutane sun sha zuwa da roƙo a sayar musu, Kawu ya kore su. Shekara talatin ke nan, kuma da wannan yake taƙama. In tanki ya shigo, me za a ce ya yi? Ya zauna kan benci yana kallon famfo? Mutumin da ya goya ni zuwa makaranta, ban ga yadda zan yi masa haka ba.

Ana saura kwana biyu wakilin ya dawo, na je duba 'yata da ta haihu. Gidan haya suke, ɗakuna shida a jere, tsakar gida ɗaya. Na same ta tana wa jaririyar wanka a baho. Na karɓi jikata ina yi mata tsiya, ina cewa wannan hanci dai na dangin ubanta ne, mu ba mu da irinsa. Ƙishi ya kama ni, sai 'yata ta ɗauki kofi ta nufi wani shuɗin duro a inuwar katanga ta ɗebo min.

Kofin na kusa da bakina na ga jan fenti a kafaɗar duron. Lamba arba'in da bakwai. Bakwai ɗin da 'yar sanda a tsakiya, yadda nake yi tun ina firamare. Rubutuna ne, don ni ke sa wa kowane duronmu lamba.

Na ajiye kofin, na miƙa mata jaririyar, na durƙusa na shafa ƙasan duron. Yana kan bulo biyu, hannuna ya shiga. Na ji su ƙarƙashin yatsuna, dunƙule uku na narkakkiyar roba, an shafe su sumul. Na tambaye ta inda ta samo shi. Ta ce a bakin kasuwa, wajen wani mai faci, yana da su jere. Wai har ta zaɓi mai jan fenti ne don ta gane na rumfarmu ne, ta san kayan Kawu ba ƙazanta. Ta ce da farko ruwan yana ɗan wari, amma ya daina. Wata huɗu suna sha.

Ban san lokacin da na ture duron ba. Ruwa ya malale tsakar gidan mutane, maƙwabta suka fito suna tambaya ko lafiya. Na yi wa 'yata faɗan da ba ta ci ba, ina yi hawaye na zuba, don na san ba laifinta ba ne, ban taɓa zaunar da ita na gaya mata dalilin hujin ba. Na sa mijinta ya kai su asibiti a duba su ita da jaririyar. Ni kuma na ɗauki hayar amalanke na sa aka kai duron rumfa.

A hanya na bi ta bakin kasuwa. Mai facin na zaune da garwashinsa da guntun ƙarfe, duro tara a bayansa, huɗu da jan fentina. Na sauka da niyyar in ci masa mutunci, sai ya tarbe ni da fara'a. Bai san komai ba, bawan Allah. Ya ce ya fi son irin waɗannan, hujinsu ƙanana ne, a wuri ɗaya kullum, minti goma ya gama. Tun mahaifinsa suke karɓarsu daga masu shara.

Da safe na riga Yaya zuwa. Kawu na bayan rumfa yana wasa rodinsa a kan dutse. Na gara duron da kaina, a karkace, yana ƙwace min, na kifa shi a gabansa. Ya dubi lambar, ya sa babban yatsa ya danna facin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗago ya tambaye ni.

"Auta, a ina?"

"A gidan jikarka, Kawu. Da shi suke sha."

Na gaya masa likita ya ce bai ga komai ba yanzu, amma su riƙa komawa. Na gaya masa maganar mai faci da mahaifinsa. Na so in ɓoye wannan, wallahi na so, amma Kawu ba mutumin da ake yi wa rabin magana ba ne. Na ce ba laifinsa ba ne, dokar Baba ya bi. Bai ko kalle ni ba.

"Duk wata ashirin nake hudawa," ya ce. "Shekara talatin. Ina korar mutane daga ƙofa, ashe ta baya nake aika musu."

Yaya ya iso ya same mu a haka. Ya ga duron, ya ga fuskata. Kawu ya tambaye shi shin da gaske tankin nan komawa yake wajen masu shi, ba ya kwana a hannun kowa. Yaya ya ce da gaske ne. Ya tambayi faɗinsa. Yaya ya gwada da hannu.

Kawu ya jingine rodin a bango, ya ɗauki gudumar kaɗai. Ya je ƙofar sito, wadda shi da Baba suka gina, ya auna taku ɗaya daga gefenta ya ja layi da gawayi. Na ce ya bari a kira magini. Ya ce in matsa, ƙura za ta ɓata min mayafi, sannan in ya gama in raka shi bakin kasuwa, akwai duro huɗu da zai karɓo.