Ɗorawar Kan Iyaka

Saura ƙiris wannan labari ya zauna a ciki ba a rubuta shi ba, domin Saloma, wadda abin ya faru a kanta, ko a coci aka kira sunanta sai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

A bayan garin Zuru, can gindin dutse, gonar mahaifinta Haggai, tsohon soja, ta yi iyaka da ta Malam Talle mai sayar da hatsi. A kan iyakar akwai wata tsohuwar ɗorawa. Da kalwarta mahaifiyar Saloma ta yi daddawar da ta riƙe gida har ta bar duniya, Saloma kuma ta gaji tukunyar da sana'ar. Haggai ya ce ubansa ne ya dasa itacen. Talle ya ce kakansa ya sha inuwarsa tun uban Haggai bai fara sa wando ba.

Kotun farko ta ba Talle gaskiya. Haggai bai yarda ba, ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Birnin Kebbi. Mai unguwa ya ce kafin a gama, kada wanda ya kai wa itacen gatari, Saloma kuma ta ci gaba da tsinkar 'ya'yan ɗorawar.

Abin da ke ba mutane dariya shi ne, duk ranar zama mota ɗaya tsofaffin nan biyu suke shiga, su matsu a kujerar gaba, su yi ta musu har su isa. Saloma ce ke ɗaure wa mahaifinta dafaffen rogo da garin ƙuli-ƙuli. Kullum sai ya leƙa ƙunshin ya ce, "Ƙara, Saloma. Abokin gaban nan nawa akwai ci."

Bayan kaka, ciwon ƙirji ya kwantar da Haggai, bai tashi ba.

Da aka share makoki, lauyansa ya kira ta a waya. Ya ce ba kowace ƙara ce ke bin mai ita kabari ba. Da maganar ɓata suna ce, da ta tafi tare da shi. Amma wannan ta ƙasa ce, magaji na iya tsayawa a madadinsa. Sai dai in ba wanda ya fito a kan lokaci, kotu za ta kori ƙarar, hukuncin farko ya tabbata. Yayanta Michael soja ne, yana can gabas inda ko waya ba ta cika shiga ba. Da ta same shi, ya ce, "Ke ce a gida, ƙanwata. Na yarda ki tsaya mana."

Ta ce to. Amma ba ta je wurin lauyan ba. Ita da karatunta ya tsaya a firamare, ta tsaya gaban alƙali, mutane cike da ɗaki suna kallon bakinta? Lauya ya sake kira, ta kifa wayar a kan tabarma har ta gaji ta yi shiru.

Ɗorawa ta yi fure, jajaye suna reto. A kasuwa Saloma ta ji cewa Jabiru, babban ɗan Talle, ya riga ya kai masu gawayi sun zagaya itacen, sun auna kaurinsa da hannuwa. Ta dawo gida da sauran daddawarta, ta zauna a bakin murhu ba ta hura ba.

Da la'asar ta ji sallama. Malam Talle ne, da sandarsa. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta durƙusa ta gaishe shi, kanta a ƙasa.

"Ɗiyata, ina kika tsaya da maganar kotu?"

"Ban tsaya ko'ina ba, Baba."

"Na sani. Lauyana ya ce in kama bakina, in zauna, ƙarar za ta mutu da kanta. To na zauna, zaman ya ƙi ni." Ya gyara sandar a kan gwiwarsa. "Shekara da shekaru muna ja da ubanki. Ya tafi bai yi mini sallama ba, yanzu kuma a ce na ci shi don yana kwance? Wannan ba ci ba ne."

Saloma ta yi ƙarfin hali. "To ku bar mana itacen mana, Baba."

"A'a." Har ya ɗaga yatsa. "Nawa ne. Na kakana ne. Amma alƙali nake so ya faɗa, ba mutuwa ba. Kuma in takardar hukunci ta tabbata a hannun Jabiru, ni ban iya tare shi, yaran yanzu sun fi ƙarfina. Muddin ƙara na da rai, itacen na da rai."

Ta murza bakin zaninta, ta ce, "Ban iya Turanci ba. In na tsaya, muryata ba za ta fito ba."

Talle ya yi dariya har da tari. "Shi ubanki wane Turanci ya iya ban da na fareti? Akwai tafinta. Ran farko da aka kira shi a kotu, ƙafarsa rawa take, ni na gani. Na ce masa, soja, ko in riƙe ka? Ya ce in riƙe gemuna." Sai dariyar ta yanke. Ya juya yana kallon ƙofar ɗakin Haggai, inda takalman marigayin suke ajiye har yanzu. "Tun da ya tafi ban samu wanda zai ce mini ƙarya nake ba."

Saloma ta ji idanunta sun cika. Ba ta taɓa tunanin akwai wanda ke kewar mahaifinta ta wannan fuska ba.

"In na je, Baba, zan ce itacen namu ne."

"Ki faɗa da ƙarfi. Ni kuma in ce ƙarya ne." Ya dafa sanda ya miƙe. "Gobe ina da zuwa wurin lauyana a Birnin Kebbi. In kina so, in kai ki har ƙofar naku lauyan. Ban shiga dai, ofishin abokan gaba ne."

Ta raka shi bakin zaure.

Washegari da sassafe ta hura wuta ta dafa rogo. Ta ɗaure ƙunshi, ta tsaya tana kallonsa, sai ta kwance ta ƙara. Ta ɗauki jakar takardun mahaifinta ta nufi tasha. Tun daga nesa ta hango Malam Talle a kujerar gaba, ya ɗora sandarsa a gefensa yana faɗa da kwandasta, wai wurin nan da mai shi.